Libarbar da kaka ya bari: a gyara ta ko a ƙyale ta?

Allah ya jiƙan kaka, ya sa ya huta. Ɗan'uwa na karanta tambayarka, ka ce an buɗe akwatin marigayin an tarar da tsohuwar libarba a cikin kubenta na fata, rabo ya faɗo kanka, silindar, wato mai juyawar nan da harsasai ke zama a ramukanta, tana juyawa da ƙyar, kunamar ta yi tauri, ga tsatsa ja a gefe ɗaya, kana so ka kai wa mai gyaran bindiga ko za ta ƙara harbi amma ba ka san me zaka ce masa ba kuma kana tsoron a cuce ka. To na yi shekaru a kan teburin gyaran irin waɗannan, bari in gaya maka yadda nake ganin abin.

Kafin komai, ka tabbatar babu harsashi a ciki? Ba wasa nake ba. Yawancin bindigogin gado da aka taɓa kawo min, mai kawowa zai rantse fanko ce, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba na buɗe na tarar da harsasai sun yi kore shar sun manne a ramukan silinda. Mutanen da can a ɗure suke ajiye ta, don ai ba ado suka saye ta ba. Ka juya bakinta inda ko ta tashi ba wanda za ta samu, yatsanka nesa da kunama, sannan ka buɗe. Idan Smith & Wesson ce mai silinda mai faɗowa gefe, maɓallin da ke hagu gaba ake tura shi, Colt kuma baya ake jan nata, Webley ta sojan Ingila karyewa take yi daga sama kamar ka buɗe almakashi, wasu kuma irin Nagant ta Rasha da Colt ta 1873 wata 'yar ƙofa ce a dama kake buɗewa kana juya silindar kana leƙa rami ɗaya bayan ɗaya. Idan ta ƙi buɗuwa kada ka sa ƙarfi, kada ka buga, ka ɗauka a ɗure take, kuma ka faɗa wa mai gyaran haka tun kafin ka je wurinsa, shi zai gaya maka yadda za a yi. In kuwa tsohuwa ce tukuf irin wadda ake ɗura wa albarushi ta gaban silinda, kamar Colt ta 1851 ko ta 1860, to ka sani baƙin albarushi ba ya mutuwa in dai bai jiƙe ba, shekara ɗari yana zaune tartsatsi ɗaya zai tayar da shi.

Sai maganar doka, a taƙaice. Gado ba lasisi ba ne. Takardar da kaka yake da ita, in ma yana da ita, da sunansa aka yi ta, ba ta bin jini. Kuma ƙasashe sun sha bamban ƙwarai, a Amurka dokar tarayya tana ɗaukar wadda aka ƙera kafin 1899 a matsayin kayan tarihi, a Birtaniya kuwa tun 1997 aka hana farar hula mallakar mafi yawan ƙananan bindigogi. Don haka ka fara tambayar hukumar da ke ba da lasisi a ƙasarka ko wani lauya, kafin ka saka ta a mota ka kama hanya. Mai gyaran kirki ma zai tambaye ka takarda, in bai tambaya ba to wannan kaɗai ya isa ka ɗauki kayanka ka fita.

Yanzu ga ainihin abin da nake so ka riƙe. Kada ka je ka ce "a gyara min". Ka je ka ce "a duba min, a gaya min mece ce, kuma ko ta cancanci a harba ta". Magana biyu ce daban wallahi. Wanda ya ce a gyara ya ba da wuƙa da nama, sai ka dawo ka tarar an goge ta ƙal an sake mata baƙin launi tana walƙiya kamar sabuwa, kana murna, alhali an kankare mata tarihi da rabin darajarta, kuma abin da zai iya fashe maka a hannu yana nan ba a taɓa ba. Dubawa a fara, ka biya ladan dubawar daban, ya rubuta maka abin da ya gani, sannan ka koma gida ka yi shawara.

Me zai duba? Na farko wace ce ita. Kai ma zaka iya taimakawa tun daga gida, ka ɗauki hoton duk wani rubutu da tambari da ke jikinta, saman bututu, gefensa, bayan silinda, ƙarƙashin mariƙi. A Smith & Wesson lambar asali tana gindin mariƙi, mutane da yawa suna ruɗewa da wata lamba da ake gani idan an buɗe silinda, waccan ta haɗa sassa ce a masana'anta, sai daga 1957 suka fara buga lambar samfuri a wurin, shi ya sa wadda ake kira Model 10 yau kafin nan sunanta Military & Police kawai, tun 1899 ake yin ta. Colt da Smith & Wesson duka ana iya samun takarda daga kundin tarihinsu da ke faɗin ranar da bindigar ta bar masana'anta da inda aka aika ta, ga kayan gado wannan takardar ni a ganina ta fi sabon fenti amfani. Amma ka shirya jin abin da ba ka so, don akwai kwaikwayo birjik. A shekarun 1920 zuwa 1930 ƙananan maƙera a garin Eibar na Sifaniya sun yi ta fitar da masu kama da Smith & Wesson sak, har da rubutu mai ruɗarwa a bututu, wanda in ka karanta da kyau harsashin da take ci yake faɗa ba kamfanin da ya ƙera ta ba. Wasunsu ba laifi, wasu ƙarfen taushi ne kamar me. Haka na Liège a Beljiyam, su zaka gan su da tambarin ELG.

Sanin shekarunta shi ne zai faɗa maka wane albarushi aka yi ta dominsa, kuma nan ne rai yake. Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19 baƙin albarushi mai hayaƙi ake amfani da shi. A 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya fito da marar hayaƙi, wanda shi ne a cikin kusan duk harsashin da zaka saya yau, kuma yanayin matsinsa ba ɗaya ba ne da na da. Colt ba su amince a sa shi a libarbarsu ta 1873 ba sai wajen 1900, Iver Johnson sai 1909 suka fito da samfurin da aka yi dominsa. Matsalar ita ce harsashin yau zai shiga ramin tsohuwar lafiya lau, ya zauna daram, babu abin da zai nuna maka akwai haɗari. Shigar harsashi rami ba shaida ba ce ta cewa nata ne.

Bari in tsaya a nan kaɗan don wannan ya fi komai cin mutane. Akwai ranar da wani dattijo ya kawo min Webley Mark VI ta mahaifinsa, irin wadda sojan Ingila suka fara riƙewa a 1915, a naɗe cikin tsohon tawul, ya ce sifirin kawai yake so a canja don wani lokacin ba ta tashi. A jikinta an rubuta .455, wato girman harsashin da aka yi ta dominsa. Na karya ta na juya silindar a ƙarƙashin fitila sai na ga lambobin da ke zagaye da gefen bayan silindar an yanke musu rabi, kamar an datse musu ƙafa. Ka ga an aske bayan silindar ke nan, abin da 'yan kasuwa suka yi wa dubbansu bayan Yaƙin Duniya na Biyu don su ci harsashin .45 ACP mai sauƙin samu. To harsashin asali na .455 iyakar matsinsa a ma'aunin Turai bar 900 ne, .45 ACP kuwa 1,300. Kowane harbi ana ɗora mata kayan da ba a yi ta dominsa ba. Na tambaye shi da me yake harbi, ya zaro kwalin .45 ACP daga aljihu. Da na canja sifirin na miƙa masa yadda ya nema, da na gyara masa abin da zai cire masa yatsu ne.

Irin wannan ya faru da Smith & Wesson da aka yi wa Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, su .38 S&W suke ci, bayan yaƙi aka ƙara wa ramukan da yawansu zurfi don .38 Special ta shiga. Suna ya yi kama amma ba abu ɗaya ba ne, .38 S&W ta fi kauri ta fi gajarta, saboda haka kwanson .38 Special yana iyo a gindin ramin, in an harba sai ya kumbura ko ya tsage. Shi ya sa mai gyaran da ya san aikinsa ba ya yarda da rubutun jikin bututu, sai ya auna ramukan da kansa. Sannan duk harsashin da ka ga an rubuta +P a kwalinsa, mai ƙarin matsi ne, ba na tsofaffi ba ne.

Bayan haka sai taimin, e, kamar dai yadda makaniki ke faɗa a mota. Libarba injin ne da dole rami ya daidaita da bututu cif a daidai lokacin da guduma, wato ƙarfen da ke dukan gindin harsashi, za ta faɗi. A ciki akwai wani ɗan ƙarfe kamar yatsa da ke tura silinda ta juya, da wani ɗan makulli a ƙasa da ke faɗawa cikin tsagin silinda ya riƙe ta. Idan ka ja guduma baya a hankali, bindiga fanko fa, ya kamata ka ji ƙas na makullin kafin gudumar ta kai ƙarshe, kuma a kowane rami, ba ɗaya ko biyu ba, don sau da yawa biyar lafiya na shida ne ke makara. In ya makara harsashi zai fita a ɗan karkace ya daki gefen mashigar bututu, ɓarɓashin dalma ya fesa gefe, ya samu kuncinka ko idon na kusa da kai, in abin ya yi yawa kuma ya tsaga mashigar. Mai gyara yana da wata sanda da yake zurawa ta bakin bututu har cikin ramin silinda, in ta wuce sumul an daidaita, in ta ci karo to akwai aiki. Zai kuma auna 'yar tazarar da ke tsakanin fuskar silinda da gindin bututu, wadda a lafiyayya kusan milimita 0.15 ce, ya tura silindar gaba da baya ya ji ko tana wasa, ya ja gudumar ta tsaya sannan ya danna ta da babban yatsa ya ga ko za ta zame ta faɗi da kanta. In ta zame, wani ya taɓa sa magagari a ciki don kunama ta yi laushi, ko kuma ta cinye, ko wanne ne bindigar ba ta da aminci sai an gyara wannan.

Cikin bututu ma da labari. Harsasan zamanin da suna barin wani gishiri bayan harbi, gishiri kuma ya ja danshi, to in kaka ya harba bai wanke ba ya ajiye, zaka leƙa da tocila ka ga ciki kamar fuskar da agana ta ci. 'Yan ƙananan ramuka a bututu ba sa hana harbi, sai dai saiti ya ragu da wahalar wankewa. Wanda ke ba ni tsoro shi ne rami mai zurfi a cikin silinda, musamman daidai inda tsagin makulli yake a waje, don bangon nan ne ya fi siriri. Sai kuma kumburi, ka shafa bututun da yatsu biyu daga gindi zuwa baki, in ka ji wani ɗan tudu ko ka ga baƙin zobe a ciki, wani harsashi ne ya taɓa maƙalewa aka bi shi da wani. Tsaga kuwa ido ba ya ganin duka, akwai gwajin ruwa mai launi da na maganaɗisu da ake yi, ka tambaya ko yana yi ko ya san inda ake yi.

Taurin kunamar da ka ambata, in Allah ya so ba wani abu ba ne. Kaso mafi yawa tsohon mai ne ya daskare ya koma kamar ƙaro, a kwance a wanke a sa sabo sai ka ga ta dawo tana tafiya kamar agogo. Amma don Allah kada ka kwance da kanka. Kusoshin bindiga tsaginsu siriri ne, sukundireban gida bakinsa kamar tsinin gatari yake, yana zamewa ya kwarzane jiki ya lalata kan kusa. Murfin da ke rufe kayan ciki a gefen bindigar kuma ba a ɓamɓare shi, ana bubbuga jikin bindigar ne da ƙotar katako har ya tashi da kansa, wanda ya sa ƙarfe ya ɓanƙare shi ya bar tabon da ba ya gyaruwa har abada. Ni kaina ina sabon shiga na yi wannan ɓarnar a bindigar wani, maigidana bai ce min uffan ba, ya dai ajiye murfin a kan teburina wata guda cur ina ganinsa kullum. Tsatsar ma ka bar ta. Ban da samfefa, ban da burushin waya, ban da ruwan tsami irin wanda ake cewa yana cin tsatsa, yana ci ɗin amma tare da baƙin launin zai tafi. Abin da zaka yi yau kawai, ka zare ta daga kuben nan, don fata na riƙe danshi kuma ina kyautata zaton gefen da ya yi tsatsar shi ne wanda ya kwanta a jikin fatar, ka shafa mata man bindiga siriri da tsumma mai laushi, kuben ka ajiye shi daban kada ka yar. Kada ka yi ta jan kunama a fanko, musamman in mai cin ƙaramin harsashin .22 ce, kuma kada ka wurga silinda ta rufe da kaɗa hannu irin na 'yan fim, wannan na lanƙwasa hannun da ke riƙe da ita.

Wajen zaɓen mai gyara, ba kowane mai taɓa bindiga ne ya san libarba ba. Bindigogin yanzu yawanci cire wannan sa wancan ne, tsohuwar libarba kuwa kowane sashi da hannu aka gyara shi ya dace da ita kaɗai, ko ka samo irinsa daga 'yar uwarta sai an zauna da dutsen washi ana ragewa kaɗan kaɗan ana gwadawa. Tsofaffin Colt irin su Official Police da Police Positive sun fi kowa wannan hali, taɓa abu ɗaya ya canja uku, masu iya su sun yi ƙaranci sosai. Ka tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa gyara taimin irin wannan samfurin, kuma daga ina zai samo kayan. Wanda ya ce maka "wannan ba fannina ba ne, ga wanda zaka je wurinsa", ka riƙe shi, mutumin kirki ne. Wanda ya kalle ta daga nesa ya ce ba matsala gobe ka zo ka karɓa, a'a. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar bindigar, ku yi yarjejeniya ba zai yi wani aiki ba sai ya kira ka, duk abin da ya cire ko karyayyen sifirin ne ya dawo maka da shi, kuma ka hana a kai ta injin goge, don bayan ɓata rubutu da kaifin gefuna, shafe lamba laifi ne babba a kusan ko'ina. Mariƙin katakon ko ya tsage a liƙa shi kada a canja, sau da yawa in an cire zaka ga lambar bindigar a ciki da fensir ko an buga ta.

Ka sa a ranka aikin zai ɗauki lokaci, wani sa'in watanni ana neman ɗan ƙarfe ɗaya, kuma zai yiwu kuɗin gyaran ya fi kuɗin bindigar a kasuwa. Wannan ba cuta ba ce, awannin mutum kake biya. Kai ne ka san abin da take a wurinka.

Idan mai gyaran ya gama dubawa amsa uku ce za ta fito. Ko ya ce lafiyarta ƙalau wanka kawai take so, ko ya ce za ta gyaru da sharaɗin harsashi kaza mai sauƙin matsi, ko ya ce wannan ta gama aikinta. In ta ukun ce kada ka je neman wanda zai ce maka e, za ka samu kuwa. A tsayar da tsatsar, a shafe ta, a ajiye, a wasu ƙasashen ma ana iya kashe ta a hukumance a ba ka takarda ta zama abin tunawa kawai. Ni da a ce tawa ce kuma ta girmi 1900, ko an ce lafiya ba zan harba ba, sai dai in samu wata in yi harbin da ita.

In kuma ta farko ko ta biyu ce, harbin farko na mai gyaran ne ba naka ba, a ɗaure a kan maƙali ana jan kunama da igiya daga nesa, sannan ya duba kwanson ya ga ko ya kumbura ko ya tsage. Tsofaffin harsasan da aka tarar a akwatin kada a gwada da su, wani zai yi shiru sai ka sauke hannu ya tashi, wani kuma ya tura dalma rabin bututu ta tsaya, ka miƙa masa su ko hukuma su san yadda za su yi da su. Sannan ka tambaye shi ko tana da abin da ke tare guduma idan ta faɗi ƙasa. Da yawan tsofaffin ba su da shi, Smith & Wesson sai wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu suka canja nasu bayan wata ta faɗi a jirgin ruwan yaƙi ta kashe wani sojan ruwa, kamfanin Ruger kuma sai 1973. In taka ba ta da shi, ramin da ke ƙarƙashin guduma fanko ake barinsa, mai cin shida biyar ake sa mata. Ka turo hotunan tambarin da rubutun saman bututun, amma ka rufe lambobin ƙarshe na lambar kafin ka tura, zan iya gaya maka ko wace ce da kusan shekarar da aka yi ta.